Jirgin Da Ake Ce Wa Marar Matuƙi Yana Da Matuƙinsa

Shekara 17 ke nan ina koyar da Fiziks a wata sakandare da ke arewacin birnin Kano, ba nisa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo a wannan yanki ya san abin da ake yi idan jiragen horo na sojin sama suka tashi da hantsi. Dakatawa kake yi, alli na hannunka, har rugugin ya wuce. Gilasan tagogi na karkarwa, yaran da ke bakin taga kuwa tuni wuyansu ya miƙe. Na daɗe da daina yi musu tsawa, domin darasin da nake ta fama in zana musu a allo shi ne yake wucewa ta saman kawunanmu.

Wata Talata ina cikin bayanin yadda iska ke ɗaga fiffiken jirgi, sai wani yaro ɗan aji biyar ya ɗaga hannu. Tun yana aji ɗaya bayan littattafansa cike yake da zanen jirage. Ya ce, "Malam, yayana ya ce in daina wahalar da kaina. Wai yanzu an yi jirgi marar matuƙi, nan da 'yan shekaru ba wanda zai nemi matuƙi." Aji ya yi tsit. Na ce masa, "Ɗana, ka gaida yayanka, ka ce masa sunan ne ya ruɗe shi." Kafin in ƙara komai aka kaɗa ƙararrawa. Wannan rubutu cikon amsar ce, gare shi da ire-irensa da iyayensu.

Tsanin da ake hawa

An kafa Rundunar Sojin Saman Najeriya a 1964, da taimakon hafsoshin Jamus ta Yamma, kuma tun daga lokacin Kaduna ce makarantar farko ta masu son tashi sama. Babbar ƙofar shiga ita ce Kwalejin Horar da Hafsoshi ta NDA. Yaro zai zana jarrabawar JAMB, ya zo da sakamako mai kyau a darussa 5 har da Ingilishi da Lissafi, ya ci jarrabawar kwalejin, sannan a tantance ƙarfinsa da lafiyarsa. Idan ya shiga, karatun digiri da horon soja tare suke tafiya. Sai bayan wannan ne ake zaɓar waɗanda za su koyi tuƙi.

A wurin likita ake zubar da mutane da yawa. Ana auna ƙarfin gani da iya bambance launuka, domin fitilun jirgi da na filin sauka da launi suke magana. Ana duba kunne da zuciya da hawan jini. Har tsawon ƙafa da tsawon zama ana aunawa, saboda kujerar jirgin yaƙi idan hatsari ya zo harba matuƙi take yi waje, kuma wanda gwiwarsa ta yi tsawo zai iya barinta a jikin allon na'urori.

Wanda ya tsallake zai tafi makarantar koyon tuƙi ta 401 da ke Kaduna. Kafin ya taɓa jirgi sai ya zauna a aji ya koyi halin gajimare da iska, karatun taswira, dokokin sararin sama, cikin inji, da irin maganar da ake yi ta rediyo da hasumiyar filin jirgi. Daga nan a sa shi a ƙaramin jirgi mai farfela, kamar Super Mushshak ƙirar Pakistan ko Diamond ƙirar Ostiriya, malami na gefensa. Ranar da ba ta fita daga zuciyar kowane matuƙi ita ce ranar da malamin zai sauka, ya rufe masa murfi, ya ce ya tashi shi kaɗai ya zagayo ya sauka.

Daga Kaduna hanya take rabuwa. Masu jirgi mai saukar ungulu Enugu suka fi nufa. Masu jiragen yaƙi kuwa nan Kano suke zuwa, makaranta ta 403, inda ake koyon jirgin L-39 ƙirar ƙasar Cek. Shi ne wanda yake katse mini darasi. Bayan an liƙa wa mutum alamar fiffike a ƙirji, akwai sauran horo a Kainji kan jirage irin su Alpha Jet da Super Tucano, waɗanda Najeriya ta karɓi guda 12 daga Amurka a 2021. Idan ka ƙirga daga ranar shiga NDA zuwa ranar da za a amince wa matashi ya fita aikin yaƙi, shekaru ne masu yawa, kuma kowane mataki da waɗanda yake zubarwa.

Akwai abin da nake so ɗalibaina su gane game da jikin matuƙi. Idan jirgin yaƙi ya yi kwana mai kaifi cikin gudu, nauyin jiki yana ninkuwa. A jiragen zamani yakan kai ninki 9. Saurayi mai nauyin kilo 70 zai ji kamar ya kai kilo 630, hannunsa ma da ƙyar zai ɗaga shi. Jini yana gangarowa daga kai zuwa ƙafafu, gani ya dushe, ya tsuke kamar mai leƙe ta cikin bututu, idan abin ya ci gaba mutum ya sume jirgi na gudu da shi. Shi ya sa suke sa wani wando mai kumbura da iska da ke matse cinya da ciki, kuma ake koya musu yadda za su ɗaure tsokar jiki su riƙa fizgar numfashi. Wannan ba a littafi kaɗai ake koyonsa ba, sai jiki ya saba.

Amfanin irin wannan horo ya fito fili ranar 18 ga Yuli, 2021. Wani matuƙi, Abayomi Dairo, yana dawowa daga aiki a yankin Zamfara sai 'yan bindiga suka harbo jirginsa Alpha Jet. Ya harba kansa waje, ya sauka da laima a dajin da masu nemansa suka fi shi sani. Ya ɓuya har duhu ya yi, ya riƙa duba hanya da wayarsa, har ya isa wurin sojojin ƙasa da ransa. Jirgin ya tafi, amma mutumin da aka kashe shekaru ana renonsa ya dawo.

'Yan mata ma ba a rufe musu ƙofa ba. Ranar 15 ga Oktoba, 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni fiffike a matsayin mace ta farko matuƙiyar jirgin yaƙi a Najeriya, tare da Tolulope Arotile, mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Arotile ta rasu a hatsarin mota a Kaduna a watan Yulin 2020. Duk shekara ina ba 'yan matan ajina labarinsu.

Jirgi saye ake yi, matuƙi reno

Ƙasar da ta fi kowa yawan jiragen yaƙi ma tana kuka da ƙarancin matuƙa. A 2017 shugabannin sojin saman Amurka suka bayyana cewa suna da giɓin matuƙa kusan 2,000. Wani bincike na cibiyar RAND a 2019 ya ƙiyasta cewa horar da matuƙin F-16 guda ɗaya yana cin dala miliyan 5.6, na F-22 kuwa dala miliyan 10.9. Saboda wannan tsada, duk wanda suka horar sai ya yi musu aiki na shekara 10 bayan ya karɓi fiffike. Da wa'adin ya cika, kamfanonin jiragen fasinja na bakin ƙofa da albashi mai tsoka da zama kusa da iyali. Gwamnati za ta iya sa hannu a takarda yau a kawo mata jirage, amma babu kasuwar da ake sayar da matuƙi mai gogewar shekara 10. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da jirage marasa matuƙa suka bayyana, mutane da yawa sun ɗauka an huta da wannan matsala. Abin da ya faru ya saɓa wa zatonsu.

Ɗakin da ake tuƙi ba a tashi

A hamadar jihar Nebada, kusan tafiyar awa guda a mota daga birnin Las Begas, akwai sansanin sojin sama na Creech. A cikinsa akwai ɗakuna marasa taga, masu sanyin na'ura, wasu ma kamar kwantenar kaya. Cikin kowanne kujeru biyu ne gefe da gefe, gabansu alluna jere. Na hagu shi ne matuƙi, hafsa ne, hannunsa ɗaya kan sandar tuƙi, ɗaya kan abin ƙara wuta. Na dama shi ne mai kula da kyamara da hasken da ke yi wa makami jagora. Jirgin da suke tuƙawa, MQ-9 Reaper, yana iya kasancewa a wata nahiya daban. Faɗin fukafukansa mita 20 ne, kuma idan ba a ɗora masa makamai ba yana iya yini ya kwana a sama.

Umarnin matuƙi sai ya bi waya ta ƙarƙashin teku, ya hau zuwa tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita kusan 36,000, ya sauko kan jirgin, sannan hoto ya biyo wannan hanya ya dawo. Tafiyar takan ci daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. A sararin sama wannan jinkiri ba ya cutarwa, amma wajen sauka daƙiƙa guda ta isa ta farfasa jirgi. Don haka aka daɗe ana ajiye wata tawagar matuƙa a can inda jirgin yake kwana, su tashe shi su miƙa wa na nesa, idan ya dawo su karɓa su saukar.

To, ƙirga mutanen. Jirgin ba ya gajiya, amma mutum yana gajiya, saboda haka tawaga ce ke karɓar tawaga dare da rana. Ga makanikai, ga masu ɗora makamai, ga masu kula da sadarwa, ga masu hasashen yanayi, ga lauyoyin soja, ga kuma ɗimbin masu nazarin hoto da ke zaune suna kallon abin da kyamara ke aikowa sa'a bayan sa'a. Manyan hafsoshin Amurka sun sha bayyana cewa riƙe sintiri guda ɗaya tak ba yankewa yana cin mutum fiye da 150. An fitar da mutum ɗaya daga cikin jirgi, an tara jama'a a bayansa.

Da farko matuƙan jiragen yaƙi aka riƙa ɗebowa ana zaunar da su a waɗannan ɗakuna, da yawansu ba da son ransu ba. Daga 2009 aka buɗe wata hanya ta daban domin waɗanda wannan ne aikinsu tun farko. A lokacin su ma sai sun fara tashi da ƙaramin jirgi na gaske a Pueblo da ke jihar Kolorado, don su san halin iska a jikinsu. Daga nan su tafi sansanin Randolph a Tekzas su koyi tuƙi da na'urori kawai a cikin injin kwaikwayo, sannan Holloman a jihar Niyu Meziko inda ake koyon Reaper kansa. Wa'adin aikinsu shekara 6 ne.

Duk da haka mutanen ba su isa ba. A farkon 2015 shugabannin rundunar suka faɗa da bakinsu cewa suna horar da kusan 180 a shekara, suna rasa kusan 240. A lokacin matuƙin jirgi na yau da kullum yana yin awa 200 zuwa 300 a sama a shekara, su kuwa waɗannan suna yin 900 zuwa 1,100, kwana 6 a jere, awa 13 ko 14 a yini. Aka ɗaga alawus ɗin wasunsu daga dala 650 zuwa 1,500 a wata. Aka rage yawan sintiri daga 65 zuwa 60 don mutane su numfasa. A ƙarshen shekarar aka buɗe wa sojojin da ba hafsoshi ba ƙofar tuƙa Global Hawk, jirgin leƙen asiri da ba ya ɗaukar makami.

Kuɗi kaɗai bai warkar da ciwon ba, domin akwai batun daraja. Abokan aikinsu sun daɗe suna yi musu kallon masu wasa da kwamfuta. Wani binciken ofishin bin diddigi na majalisar dokokin Amurka a 2014 ya nuna ƙarin girmansu yana jan ƙafa idan aka kwatanta da sauran matuƙa. A 2013 an ƙirƙiro lambar yabo domin irinsu, tsofaffin sojoji suka yi ca, bayan wata biyu aka soke ta.

Akwai kuma nauyin da ke kan zuciya. Matuƙin jirgin yaƙi yana jefa bam ya wuce cikin ƙiftawar ido. Na gaban allo kuwa yana iya shafe makonni yana kallon gida guda. Ya san lokacin da maigidan yake fita, ya san yaran da ke wasa a tsakar gida, ya san inda ake shanya. Ranar da aka ba da umarni shi zai danna, kuma shi zai ci gaba da kallo a ƙirga abin da ya rage. Bayan an tashi aiki ya shiga motarsa ya je ya ɗauko 'ya'yansa daga makaranta. Wani nazari da likitocin sojin Amurka suka wallafa a 2013 ya gano cewa damuwar ƙwaƙwalwa a cikinsu ba ta gaza ta matuƙan da ke zuwa fagen daga da jikinsu ba.

Abin ya iso ƙofar gidanmu

Kada mai karatu ya ɗauka labarin nesa nake ba shi. A Agadas ta Nijar, Amurka ta kashe kusan dala miliyan 110 ta gina sansani na 201, inda irin waɗannan jirage suka fara tashi a 2019. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 dangantaka ta yi tsami, sojojin Amurka suka miƙa sansanin suka fice a watan Agustan 2024. Nijar da kanta ta sayi Bayraktar TB2 daga Turkiyya. Najeriya ta sayi irinsu CH-3 da Wing Loong daga Sin, kuma injiniyoyin sojin samanta sun ƙera nasu. Na farkon da aka nuna wa duniya a Kaduna a Disamban 2013 sunansa Gulma. Wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2018 sunansa Tsaigumi. Sunayen namu ne, kuma sun dace, domin aikin jirgin ke nan: ya gano ya kawo rahoto. Amma kowane Bahaushe ya san ba a yanke hukunci da tsegumi sai an tantance.

Abin da rashin tantancewa ke jawowa mun gan shi. Daren Lahadi 3 ga Disamba, 2023, mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna suna taron Mauludi, jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa ya jefa musu bam. Waɗanda suka tsira sun ce an sake jefa na biyu lokacin da jama'a suka taru ɗaukar 'yan'uwansu. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, da yawa mata da yara. Shugaban sojojin ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya nemi afuwa. Amurka ma da duk na'urorinta ta kashe fararen hula 10 a Kabul ranar 29 ga Agusta, 2021, 7 daga cikinsu yara, ta kuma amsa cewa kuskure ne.

Kyamarar dare zafin jiki take gani. A allo, mutane ɗigo-ɗigon haske ne masu motsi. Na'ura ba ta san Mauludi ba, ba ta san ɗaurin aure ko zaman makoki ko 'yan kasuwar ƙauye da ke komawa gida a jeren babura ba. Mutum ne zai sani, wanda ya san ƙasar da al'adunta, ya samu isasshen barci, aka horar da shi sosai, aka kuma ba shi ikon cewa a dakata tukuna. Makami zarar bunu ne, idan ya fita ba ya komawa. A ganina, a wannan kujera haƙuri da tsoron Allah suna cikin kayan aiki, kamar yadda lissafi yake ciki.

Kira

Ga hukumomi, roƙona shi ne duk ranar da za a sayi jirgi a riƙa lissafa mutanensa tare da shi: masu tuƙi, masu kyamara, masu nazarin hoto, makanikai, da isassun waɗanda za su karɓe su idan sun gaji. A ba su darajarsu da ƙarin girmansu, a kula da lafiyar zukatansu. Idan kuskure ya auku a binciko shi a fili, a biya haƙƙin waɗanda aka zalunta, a mai da shi darasi a makarantun horo.

Ga iyaye, ku riƙe wa yaro Lissafi da Fiziks da Ingilishi tun daga aji ɗaya, ku kai shi a duba idonsa da wuri, ku tsare shi daga ƙwaya, domin gwajin likita ba ya rufa wa kowa asiri. Kada ku ba kowa kuɗi da sunan zai samo gurbi. Rundunar sojin sama ta sha sanar da cewa neman shiga aikinta kyauta ne. Wanda ido ko tsawo ya hana shi tuƙi, akwai Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama a Kaduna, inda ake koyon injiniyancin jirage, kuma farar hula ma suna shiga.

Kai kuma ɗana mai zanen jirage a bayan littafi, ci gaba da zanenka, amma ka buɗe gaban littafin ka yi lissafinka. Jiragen nan suna shawagi a kan garuruwanmu da gonakinmu, kuma za su ƙaru. Ko a cikin jirgi ka zauna ko a gaban allo, ƙasarka tana buƙatar matuƙin da ya san mutanen da ke ƙarƙashinsa, ya kuma san Allah zai tambaye shi kowane rai.